Doka da manyan mutane a Nijar: tambayoyin da ake yawan yi a Damagaram

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa a fadojin shayi na Birni da Zango da Sabon Gari, da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, da zaurukan WhatsApp, duk lokacin da aka ji an kama wani babba ko an sake shi. An fara da masu sauƙi. Wanda ke da shari'a a gaban kotu kada ya ɗauki wannan shafi a madadin lauya.

Kullum ana cewa "ƙasa mai bin doka". Ai dokoki muna da su, to me ya rage?

Dokoki kam ba su yi mana kaɗan ba. Tun 1992 Nijar ke da dokar hukunta wanda ya tara dukiyar da ba zai iya faɗin asalinta ba. Kundin tsarin mulkin 2010 ya wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci bayyana dukiyarsu a rubuce. Abin da ake aunawa shi ne ko doka na iya tsayar da mai iko a ranar da ikon ke hannunsa. Hakan na buƙatar a san dokar tun kafin a yi laifin, a samu alƙalin da ba ya jiran wayar kowa, kuma hukuncin da ya yanke ya zartu ko a kan wa ya faɗa.

Musulmin Damagaram ba baƙon wannan ma'auni ba ne. Da wata mata daga babban gida na Banu Makhzum ta yi sata, aka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci, Manzon Allah (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi.

Amma an ɗaure shugabanni da ministoci a ƙasar nan. Don me ake cewa akwai shafaffu da mai?

An ɗaure su, da yawa ma. Sai dai a duba lokacin da aka ɗaure kowannensu. Diori Hamani ya shiga hannu bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, kuma a barikin soja na nan Zinder ya yi shekarunsa na farko a tsare, ba tare da an yi masa shari'a ba. Hama Amadou ya tafi gidan kason Koutoukalé a 2008, shekara guda bayan majalisa ta kayar da gwamnatinsa, lokacin da tsakaninsa da Tandja Mamadou ya yi tsami. Tandja kansa sai da sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010 kafin a kai shi Kollo. Bazoum Mohamed an tsare shi tun 26 ga Yuli 2023, aka shafe fiye da shekara biyu ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba.

Kowannensu an tsare shi ne bayan mulki ya suɓuce masa ko ya ɓata da mai mulki. Wannan bai wanke kowa ba, wasu tuhume-tuhumen na da tushe. Amma darasin da babban ma'aikaci ke ɗauka daga irin wannan tarihi a fili yake: abin da ke kare mutum shi ne zama kusa da gwamnati mai ci, tsabtar hannu ba ta da wani tasiri sosai. Shi ya sa ake ganin canjin sheƙa da zarar an ji ƙanshin bincike. Shari'ar MEBA ta 2006, inda aka tsare tsofaffin ministocin ilimi biyu kan kuɗin makarantun firamare, tana cikin ƴan lokutan da abin ya taɓa na cikin gida, kuma matsin masu ba da tallafi daga waje ya taka rawa a ciki.

Dattawa na cewa zamanin Kountché babu mai taɓa kuɗin gwamnati. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. Seyni Kountché ya hau mulki a tsakiyar yunwa, ana zargin manyan wancan lokaci da karkatar da hatsin agaji, kuma ma'aikata sun ji tsoronsa ƙwarai. Yakan faɗo wa ofis ba sanarwa. Amma tsoron mutum ɗaya ake ji, kuma wanda mutumin ya yarda da shi ba ya cikin masu tsoron. Amadou Oumarou da ake kira Bonkano ya yi dukiya da ƙarfin faɗa-a-ji a gindin Kountché, babu mai iya tambayarsa, har ya yi yunƙurin kifar da maigidan nasa a 1983. Da Kountché ya rasu a 1987, tsoron ya bi shi kabari, don ba a bar wata kotu ko hukuma da za ta ci gaba da aikin ba.

Mece ce afuwar da ake sakawa cikin kundin tsarin mulki, kuma me ya sa ake sukarta?

Afuwa ce da masu juyin mulki ke nema wa kansu kafin su miƙa mulki. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, shugaban farko da aka zaɓa a takarar jam'iyyu da yawa. Ranar 9 ga Afrilu 1999 dogaran fadar Baré suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, aka sanar wa ƙasa cewa hatsari ne. Kundin 1999 ya yafe wa waɗanda suka yi juyin mulkin biyu. Kundin 2010 ya yi wa na 18 ga Fabrairu irin wannan. Taron ƙasa na Fabrairu 2025 shi ma ya ba da shawarar afuwa ga na 2023.

Masu kare afuwa na cewa in ba a ba soja tabbaci ba, ba zai koma bariki ba. Hujja ce mai nauyi, ba a raina ta ba. Sai dai kuɗin da ake biya yana da yawa: an kashe shugaban ƙasa da rana tsaka, kuma babu kotun Nijar da ta zauna ta tantance wanda ya ba da umarni. Sai da iyalinsa suka je kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a 2015 ta umarci gwamnati ta biya su diyya (duba tambaya kan kotun CEDEAO a ƙasa). Ƙaramin hafsan da ya ga haka ya san cewa juyin mulkin da bai yi nasara ba ne kawai laifi.

An taɓa samun kotun da ta ce wa shugaba mai ci a'a?

An taɓa, kuma labarin ya faro daga nan. A Oktoba 2008, wajen aza harsashin matatar mai ta SORAZ, aka fara ɗaga muryar tazarce a bainar jama'a, ana roƙon Tandja ya zarce bayan wa'adinsa na biyu. Kundin 1999 ya hana, kuma ya hana a taɓa wannan sashe. A Mayu 2009 Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye ta ba da ra'ayin cewa ƙuri'ar raba gardamar da ake shiryawa ta saɓa doka. Washegari Tandja ya rusa majalisar dokoki, wadda Mahamane Ousmane ke shugabanta. A Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen. Ranar 29 ga watan ya rusa kotun ita ma, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta.

Abu biyu ke cikin wannan. Alƙalan Nijar na iya tsayawa, sun nuna. Amma hukuncinsu bai tsayar da komai ba, bindiga ce ta kawo ƙarshen tazarce bayan wata shida. Tun daga nan mutane da yawa suka saba da tunanin cewa in farar hula ya taka doka soja ne magani, alhali abin da soja ke fara yi shi ne jingine kundin gaba ɗaya.

Mece ce rigar kariya? Ita ce ke hana a kama su?

Asalinta kariya ce ga aiki, don kada a kama ɗan majalisa saboda abin da ya faɗa a zaure. Ƙarƙashin kundin 2010, sai majalisa ta cire wa ɗan majalisa rigar kafin a gurfanar da shi. Minista kuwa, kan laifin da ya yi a bakin aiki, sai majalisa ta kaɗa ƙuri'ar tuhumarsa a kai shi wata babbar kotu ta musamman wadda ƴan majalisa ke cikin alƙalanta. Ma'ana, mai rinjaye a majalisa shi ke riƙe da mabuɗin. Na ɓangaren gwamnati takardarsa ta kwana a aljihun tebur, na adawa a gama da tasa cikin mako. Bayan jingine kundin a 2023, Kotun Ƙasa da sojoji suka kafa ce ta cire wa Bazoum rigarsa ranar 14 ga Yuni 2024.

Ina aka kwana kan kuɗin makamai na ma'aikatar tsaro?

Wannan ita ce badaƙalar da ta fi ci wa mutane rai, saboda lokacin da ta fito. A Disamba 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, a Janairu 2020 aka kashe 89 a Chinagodar. Ana cikin makoki sai binciken da aka yi zamanin ministan tsaro Issoufou Katambé ya nuna asarar kusan biliyan 76 na kuɗin sefa, ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Daga baya aka rage alƙaluman bayan an saurari ƴan kwangilar. Gwamnati ta yi sulhu da su kan su mayar da kuɗi ko su kawo kayan, ta janye daga matsayin mai neman haƙƙi a shari'ar. Har gwamnatin ta faɗi a 2023 ba a ga minista ko ɗaya gaban alƙali kan maganar ba.

Waɗanda suka kwana a gidan kaso su ne masu tambaya. An kama jagororin ƙungiyoyin farar hula bayan zanga-zangar 15 ga Maris 2020 a Yamai, wasunsu suka yi watanni a tsare. Ƴar jarida Samira Sabou ta yi kusan wata biyu a kurkuku kan wani rubutu na Facebook kafin kotu ta sallame ta.

Ana iya zaton gwamnatin soja za ta ƙara tsananta sa ido kan kuɗin tsaro bayan wannan. A Fabrairu 2024 sai aka fitar da dokar da ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da na binciken kuɗi da aka saba.

To HALCIA da COLDEFF fa, ba aikinsu ke nan ba?

An kafa HALCIA, hukumar yaƙi da cin hanci, a 2011, aka ƙara mata ƙarfi da doka a 2016, aka ba ta aikin yin bincike ta miƙa wa mai gabatar da ƙara. COLDEFF, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi da tattalin arziki da sojoji suka kafa, ta zo a Satumba 2023, ta fi mayar da hankali kan ƙwato kuɗi, kuma ta ƙwato. Kafin ita, gwamnatin Salou Djibo ta kafa makamanciyarta a 2010. Kowace sabuwar gwamnati na zuwa da hukumarta, kuma kowace hukuma baya take kallo, wato mutanen gwamnatin da ta shuɗe.

Matsala ta biyu ita ce sulhun "mayar da kuɗi ka tafi gida". Baitulmali na samun wani abu, gaskiya ne. Amma in babu shari'a a fili, jama'a ba za su san nawa aka ɗauka ba, nawa aka mayar, wa ya sa hannu. Wanda aka zalunta da tuhumar ƙarya shi ma ba shi da inda zai wanke sunansa, sai ya biya don ya tsira. Mai niyyar sata kuwa lissafi zai yi: in an kama ni na mayar da wani kaso, in ba a kama ni ba na ci bulus.

Ba alƙalan ne matsalar ba? Kowa ya san ana sayen shari'a.

Akwai masu karɓa, kuma babban taron gyaran shari'a na 2012 bai ɓoye hakan ba. Amma zargin kowa da kowa zalunci ne, yana kuma rufe ainihin inda igiyar take. Mai gabatar da ƙara yana ƙarƙashin ministan shari'a, shi ke yanke ko a buɗe fayil ko a rufe. Majalisar ƙoli da ke kula da naɗi da canjin wurin aikin alƙalai, shugaban ƙasa ke jagorantarta. Alƙalin da ya taɓa wanda ba a so a taɓa ba sai an kore shi ba, ya isa a tura shi wani gari mai nisa a tsakiyar shekarar karatun ƴaƴansa, sauran abokan aikinsa za su gane. Ƙungiyar alƙalai ta SAMAN ta daɗe tana kuka da wannan a kowace gwamnati. A Agusta 2025 hukumomi suka rusa ta tare da wasu ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a.

Ni ɗan kabu-kabu ne. Me ya haɗa ni da rigimar manya a Yamai?

Ka tsaya a bakin kowane shingen bincike na rabin awa. Za a tare yaro da babur, takarda ɗaya ta ƙare, a zare makulli a jingine babur a gefe. Yana "don Allah yallaɓai", ana ce masa "kai, matsa can". Sai wata mota mai baƙin gilashi ta iso, ita ma takardunta ba su cika ba. Direba ba zai fito ba, waya zai miƙo ta taga. Jami'in ya kara a kunne, ya gyara tsayuwa: "To ranka ya daɗe, an gama." Mota ta wuce, yaron na nan har la'asar yana neman wanda zai ara masa jika biyu. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Jami'in nan ba lallai mugu ba ne, ya san abin da zai same shi in ya ƙi wayar, domin ya ga abin da ya sami na sama da shi.

Haka abin ke gangarowa. Kwangilar da aka yi wa aringizo ita ce ajin zana da ɗanka ke zaune a ciki, ita ce layin jarkoki da mata ke kwana a kai a watannin zafi a garin da ke da matatar mai tun 2011. Kuma mu ma muna ciki: wanda ke zagin ɓarayin gwamnati da safe, in an kama ƙanensa da yamma, lambar wani babba zai fara nema kafin ya tambayi me yaron ya yi. Ba a ga laifinsa sosai ba, hanyar da ke aiki ya bi. Amma kowace irin wannan waya tana ƙara wa hanyar ƙarfi.

Ba gara mu koma fadar sarki ba? Can an fi saurin gamawa.

A rikicin gona, gado, aure da ƙananan basussuka, dokar Nijar da kanta ta ba mai unguwa, mai gari da sarki ikon sulhu, kuma sau da yawa nan ne ya fi. Ba a biyan lauya, da Hausa ake magana, an san iyakar gonar kakan kowa. In an sasanta, ka nemi a rubuta takardar sulhu a sa hannu. In ba a sasanta ba, a rubuta hakan, ka ɗauka zuwa kotu. Maganar fili kuwa a bi ta hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, don fili ɗaya mai takarda biyu ya raba zumunci da yawa a garin nan.

Sai dai fada ba ta hukunta manyan laifuka, ba ta kuma iya kiran minista. Sarauta kanta tana ƙarƙashin gwamnati tun zuwan Turawa. Faransawa sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa a 1906 bisa zargin makirci suka kai shi gudun hijira. A 2001 gwamnati ta tuɓe Sarkin Damagaram Abubakar Sanda, ya koma karagarsa a 2011.

An kama ɗan'uwana. Me doka ta ba mu?

A laifuka na yau da kullum, ƴan sanda ko jandarma na iya riƙe mutum awa 48, ba a ƙarawa sai da izinin mai gabatar da ƙara. Tuhumar ta'addanci na da wa'adi mafi tsawo. Yana da haƙƙin lauya tun daga kamun. Ku rubuta rana da lokacin da aka kama shi, da inda aka kai shi. Kada ya sa hannu kan takardar Faransanci da ba a fassara masa ba. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku nemi rasit, in an ce babu rasit kun san ko mene ne. Marar hali na iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don wannan. In an kai shi gidan kaso jiran shari'a, ku riƙa bibiyar fayil ɗin a kotu, domin wanda ba a tambaya a kansa shi ke daɗewa. Hukuncin da bai gamsar ba ana ɗaukaka shi, kuma akwai kotun ɗaukaka ƙara a nan Zinder, amma wa'adin gajere ne, kada a tsaya jiran shawarar dangi.

Har yanzu ana iya kai ƙara kotun CEDEAO?

Ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, wannan ƙofa kuwa ta tafi da ita. Mutane na tuna kotun da shari'o'in manya, irin umarnin sakin Tandja a 2010 da na sakin Bazoum a Disamba 2023, waɗanda gwamnatocin lokacin ba su bi ba. Amma a 2008 ita ce ta ba Hadijatou Mani gaskiya, matar da aka sayar tana yarinya, ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta sa aka biya ta miliyan 10 na sefa. Ko me mutum ke gani game da siyasar CEDEAO, talakan da kotunan gida suka juya wa baya ya rasa wani wurin zuwa.

Ina da hujjar an ci kuɗin wani aiki a unguwarmu. In sa a Facebook?

Ka yi tunani sau biyu. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai ta da hankalin jama'a. An cire ɗaurin kan ɓata suna da zagi a 2022, aka dawo da shi a Yuni 2024. Saƙon murya da ka tura zauren WhatsApp ma yana ciki, kuma ka ga abin da ya sami masu tambaya a amsar kuɗin makamai.

In za ka yi magana, tsaya kan abin da ido ke gani: allon aikin ya ce aji shida, uku aka gina, ga hoto, ga kwanan wata. Kada ka kira kowa ɓarawo, wannan kalmar alƙali ce. Ku rubuta koke ku da yawa, da sa hannun kwamitin makaranta ko na unguwa, ku kai wa hukumar da ta ba da aikin da mai gabatar da ƙara, ku karɓi shaidar an karɓa mai hatimi da kwanan wata. Ku ajiye kwafi a gida fiye da ɗaya, kuma ku nuna wa lauya takardun kafin ku kai wa ɗan jarida.